Jan Fenti a Gaban Motar Alhaji Mahmudu

Dorinar farko a wuya ta same shi. Ummaru mai fenti ko tulun ruwan da ya ɗebo bai sauke ba, sai ga shi a ƙasa, tulu ya tarwatse.

"Dubi aikinka, ɗan banza! Dubi!"

Lado ne, direban Alhaji Mahmudu. Ya sake tsula masa, ya ƙara, ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari. Masu jiran motar Maraɗi suka taru suna kallo.

Ummaru ya ɗaga kai da ƙyar. Farar motar Alhaji, wadda duk Jibiya babu irinta, tana tsaye hancinta dab da ƙofar zauren da yake shafa wa jan fenti tun jiya. Gabanta kaca-kaca da ja. Gefen fitila ya lotsa. Ga gwangwanin fentinsa can a kife.

Shi dai ya san ya rufe gwangwanin nan kafin ya tafi rijiya, kuma a ƙasa ya bar shi. Ya buɗe baki zai faɗa, Lado ya rufe masa shi da naushi. Haƙori ɗaya ya fice.

Alhaji ya fito, ya ga motarsa, ya yi salati.

"Daga kan tsaninsa gwangwanin ya faɗo mata, Alhaji," in ji Lado. "Dawowata ke nan daga hanyar Gangara. Bari in kai ta bayan gida in wanke da kaina."

"Kai da ko ƙura sai an yi faɗa kake sharewa? Wanda ya ɓata shi zai gyara." Alhaji ya nuna Ummaru da yatsa. "In aka kira azahar da ɗigo guda a jikinta, ƴan doka za su tahi da kai Katsina."

Ummaru ya ja jiki, ya ɗauko kwalbar kananzir da tsumma. Fentin mai ba ya jin ruwa, wannan kowane mai fenti ya sani. Kananzir ake sa masa, a bar shi ya jiƙa, a goga a hankali. In ka kankare, fentin motar ya bi tsumma, ka shiga uku.

Ya goga, ya juya tsumma, ya goga. Lado na tsaye a kansa da dorina, gumi na tsattsafo masa, bakin hannun rigarsa da ja.

Rana ta yi sama. Yunwa ta fara cinsa. Kullum da hantsi Safiyatu matarsa take isowa daga ƙauyensu ta hanyar Gangara da fura, a ƙwaryar nan da ya zagaye wa baki da shuɗin fenti don kada a musanya mata a gidan biki. Yau ta makara. Gara haka, in ji shi a ransa, kada ta gan shi da kumburarren baki.

Jan ya fita daga fitila. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani tabo, ya fi duhu, ya bushe. Ya zuba kananzir, bai motsa ba. Ya ƙara. Ko gezau.

"Yi sauri mana!" Lado ya daka masa tsawa. Dorina ta sauka a gadon bayansa.

Ummaru ya tsoma tsumma a ɗan ruwan da ya rage cikin fasasshen tulu, ya shafa sau ɗaya. Tabon ya narke. Wannan ba fenti ba ne. Ya tsaya yana kallon tsumman. Ƙudaje sun yanyame ƙasan motar, inda wani farin abu ya daskare, yana tsami.

Ya durƙusa, ya zura hannu tsakanin ƙarafan gaban. Yatsunsa suka taɓa wani abu da ya maƙale. Ya jawo.

Guntun ƙwarya ne, bakinsa zagaye da shuɗin fenti.