Koren Kati

Tsohuwar ta riga ta juya katin ƙofarta kafin santsi ya kwashe ta.

Dokar gidanmu na tsofaffi ke nan: duk wanda ya tashi sai ya juya katinsa zuwa kore, alamar an kwana lafiya. Shekara shida da rasuwar mijinta, ba ta taɓa makara ba.

Ga ta kwance a ɗakin girki, ƙugu ya ƙi motsi, murya ta ƙi fita. Ta ji takun ma'aikaciya ya zo ƙofar, ya tsaya, ya wuce. Kati kore ne ai.

Shayinta ya huce. Ƙanƙara na ta sauka a taga. Aka buga ƙararrawar abincin rana.

Can sai bugun ƙofa. Gwanar leƙen nan ce ta ɗakin da ke kallon nata, wadda kullum take ja wa labule.

"Ke sarauniyar girman kai! Mutuwa kika yi? Tun safe nake leƙe, ba ki rufe mini labule a fuska ba!"

Da aka buɗe ƙofar, daga kwancen ta damƙi hannun gwanar leƙen, hawaye na gangarawa cikin kunnenta.

Da ƙyar ta ce, "Allah ya ƙara miki sa-ido."