Garin Kuka a Lab

"Wa ya buɗe robar nan?" Dakta, malaminmu, ya daka tsawa.

Lab ɗin ya yi tsit, har da ni da bakina ba ya hutawa.

Jiya bayan abokiyar karatuna ta tafi kama motar Kubwa na ga garin sinadarin vanadiyam fuloraid ɗinta, kore shar. Na juye shi a farantin gilashi, wai zan ɗau hoto in tsokane ta: "Hajiya, ga kuka, saura tuwo." Aka kira ni, na manta shi a buɗe. Ga damina. Garin ya sha danshi, ya saki asid mai cin gilashi. Furojet ɗinta na kammala digiri ke nan, ya tafi.

Yanzu ga ta, ta sa safar hannu ta ɗaga farantin. Duk ya dushe, sai inda maiƙon ƙosan da na ci ya kare gilashin: shatin babban yatsa, da tabon reza a tsakiya. Tabon da kullum take min dariyarsa.

Ta dube ni. Ta ɗora yatsanta a kai, ta rufe shatin.

"Ni ce, Dakta. Mantuwa na yi."

"To, sai baɗi ki kammala," in ji shi.

Na buɗe baki. Ko wasa bai fito ba.