Tayil ɗin Ɗakin Radiya

Bayan la'asar Maharazu ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gidan su Radiya a Tudun Kaya. Ta fito ba tabarma ba ruwa, gaisuwar ma a tsaye aka yi ta.

"Gwaggo Saude ta dawo daga auna ɗakin da ka gyara," ta ce tana murza bakin mayafinta. "Wai tayil ɗin duk ya ɗago, inda ta taka sai ya tsage. Ta rantse ba za a yi jere a kansa ba. Ta ce wa Baba rowa ce ta sa ka ɗauko ɗan koyo. Yanzu maganar ɗaga biki ake yi."

"Za a gyara, Radiya."

"Wa ya yi aikin? A kira shi ya fasa ya sake, ai ba kyauta ya yi ba."

Ya sunkuyar da kai. "Kyauta ya yi. Gudummawarsa ce."

Nan take ta tuna wanta Barau, wanda bai daɗe da fara koyon sa tayil a Karaye ba.

"Shi ya sa ka yi shiru ana zaginka?"

"Yayanki ne. In na tona shi, da wane ido zan kalle shi?"

Ta juya ta leƙa zaure, ta ɗaga murya yadda za a ji ta daga cikin gida.

"Yaya Barau, don Allah fito. Ɗakina ne, ni zan yi maka maganar tayil ɗin."