Allurar da Ba Ta da Zafi

Ina tsoron allura, duk da difilomar da nake taƙama da ita. Ranar gwajin ɗaukata aiki a ɗakin awon jini, shugabar ma'aikata ta miƙo mini 'yar allurar sukan yatsa, irin wadda tsininta ke ɓoye cikin roba. Sau ɗaya ake danna ta, sannan a jefar.

Wata tsohuwa mai ciwon suga ta zauna a gabana tana hararata.

"Ɗan nan, wannan rawar da hannunka yake yi, kiɗa ake maka?"

"Ki kwantar da hankalinki, Iya."

Na goge yatsanta, na ɗora allurar, na runtse ido, na danna.

"Har an gama?" in ji ta. "Wallahi ko cizon sauro ban ji ba!"

Shugabar ta sunkuyo domin ta ga jinin. Ga shi kuwa ja wur, a kan babban yatsana. Ashe a juye na riƙe allurar.

Kafin ta buɗe baki, Iya ta ɗaga murya:

"Ku ɗauki yaron nan aiki. Daga yau babu mai sukana sai shi, kuma gobe zan kawo masa ƙawayena duka!"