Furar Mai Amalanke

Kwana uku ke nan Manzo yana bisa amalanke, ƙugunsa ya yi tsami, suna ɗaya yana cin ransa: Zakariya'u Sale.

Sana'ar Manzo kisa ce. 'Yan fasa-ƙwaurin Magariya ne suka ba shi aikin. Wai Zakariya'un nan ya gan su suna binne gawa a wata ɓoyayyar hanya, kuma ranar Litinin zai ba da shaida gaban alƙali a Magariya. Babu hoto, babu kwatance, illa dai yana cikin ƙauyukan Yekuwa. "In ya kai Litinin," suka ce, "kai ba za ka kai Talata ba."

Abu ɗaya Manzo yake tsoro a duniya. Ya taɓa dafa Alƙur'ani gaban uwarsa, ya rantse ba zai zubar da jinin wanda ya ba shi ci ko sha ba. Labarin nan ya zaga, har a tasha ana ba da shi. Don haka duk inda ya je aiki da biskit ɗinsa da ruwan leda yake tafiya, ko goron mutane ba ya karɓa.

Wanda ya ɗauko shi wani dattijo ne mai surutun tsiya, Bappa, wanda babu hanyar jejin da bai sani ba. Manzo ya ce masa saƙon rabon gado ya kawo wa Zakariya'u Sale.

Kowane ƙauye amsar ɗaya ce. Mata a bakin rijiya su dubi juna, su dubi mai amalanke, su ce ba su san mai sunan ba. Wata tsohuwa ma rufe baki ta yi da gyale tana dariya, Manzo ya ji kamar ya shaƙe ta.

"Haƙuri, baƙo," in ji Bappa. "Nan wanda ya ci sunan kakansa ba a kiransa da shi har ya mutu. Sha fura, ka ji sanyi."

Sau bakwai yana miƙo masa ƙwaryar nan, sau bakwai Manzo yana ture ta.

Ranar Lahadi biskit ya ƙare, ruwan leda ya ƙare, rana ta take tsaka. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, ya ƙi ɗauka. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki, yau ƙauyawa sun mai da shi sakarai! Haushi da ƙishirwa suka haɗu masa a maƙogwaro. Ya fizgi ƙwaryar, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindinta.

"Alhamdu lillahi," in ji Bappa. Daga nan surutunsa ya ɗauke, ya juya shanun ya ɗauki hanyar Magariya.

A mararraba suka tarar da shingen jandarma. Manzo ya tura wuƙarsa ƙarƙashin harawa, ya miƙa katin shaidarsa na jabu, aka mayar masa. Jandarman ya koma kan dattijon.

"Baba, kartidantite."

Bappa ya zaro katin daga cikin hularsa. Jandarman ya ɗaga shi, ya karanta da ƙarfi:

"Zakariya'u Sale. Wuce."