Fakon Bayan Shinge

Kunya ɗaya ta ƙasar maƙabarta Basiru yake ci duk damina. Bana da aka yi fari, shingen bini-da-zugu ya mutu, sai ya ci uku.

Gonarsa tana jingine da maƙabartar garin, daidai kusurwar da ake kira Wajen Sojoji, inda aka jera 'yan garin da suka je yaƙin basasa, suka dawo suka cika a gida. A ƙasar Tsanyawa gona a wuyan gona take kwana. Kowa ya ga abin da Basiru ke yi, kowa ya kau da kai. Gero ya ƙone shekara biyu a jere, wa ke da sauran bakin tare wa matattu faɗa?

Furera ce kawai.

Mijinta Sama'ilu soja ne. Ya dawo tun yaƙi bai ƙare ba, ba kaki, ba takalmi, sai tari. Ya ce sallamarsa aka yi. Bai ga kaka ba ya rasu. Mace ba ta bin makara, don haka a bakin zaure suka rabu, ta koma ɗaki ta shiga takaba. Da ta tambayi ƙaninsa Hadi inda aka sa shi, ya ce, "Can wajen sojoji," idonsa a ƙasa. Wannan maganar ta ƙulle a bakin zane, ta tsufa da ita.

Ita ma gonar da Sama'ilu ya bari da shingen ta haɗa, ta wancan gefen. Hadi ne ke noma mata, kuma har ya koma ga Allah bara bai taɓa sa fartanya a wani ɗan tsiri na jikin shingen ba. Fako ne, in ji shi, ko ƙaya ba ta so. A kan fakon nan Furera take tsayawa duk Juma'a, tunda ba ta shiga ciki. Ta leƙa ta saman shinge, ta yi addu'a, ta kori awaki, ta zagi mai awakin.

Ta kai Basiru gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe," in ji Basiru, "yara gare ni. Matattu ba sa cin tuwo."

"Ubanka ma matacce ne," in ji Furera. "Je ka shuka gyaɗa a kansa mu gani."

Dagaci ya yi ta kame-kame. Shi ba zai kori mai yunwa daga kunyar da ya riga ya ɗora ba, sai dai in akwai madadi. Furera ta ce akwai. In Basiru ya janye daga kan sojoji, za ta ba shi fakon nan nata, ya fasa shi da garma, halak malak.

Kofur Mati, wanda shi kaɗai ya rage a raye cikin waɗanda suka je yaƙin, ya gyara murya.

"Furera, ba shi wani gefen. Ban da wannan."

"Wane gefen? Inda nake samun na kunu? Kai da ya kamata ka tsare makwancin 'yan uwanka, kana nan kana shan hantsi, sai mace ta yi maka. Yi mini shiru, Kofur!"

Ya buɗe baki, ya dubi dattawa. Dattawa suka dubi carbinsu. Ya rufe.

Da ruwa ya sauka, Basiru ya ari shanu ya sa garma. Fakon da aka ce ko ƙaya ba ta so ya tsage kamar tuwo. A kunya ta biyu bakin garma ya yi ƙara, ya turo fasassun tukwane. Basiru ya tsaya cak. Shi namiji ne, ya sha zuwa binnewa, ya san da abin da ake rufe ramin mamaci kafin a zuba ƙasa. Ya dubi Kofur Mati, da ke dogare da sanda a bakin hanya. Ya tuna rumbunsa. Sai ya tsula wa shanu bulala.

Furera ba ta taɓa ganin cikin kabari ba. Ta bi bayan garma tana tsince katangar tukwanen a zanenta, ta kai gindin sabon shingen da ta dasa, ta tokare shi da su don kar ruwa ya kwashe. Ta leƙa Wajen Sojoji, fuskarta a sake.

"Kwanta abinka, Malam," ta ce. "Na raba ka da su. Ba mai taka ka."

Kofur Mati ya juya ya kama hanyar gida yana jan ƙafa. Shi ne ya tare makarar Sama'ilu a ƙofar maƙabarta ranar nan, ya rantse wanda ya yar da bindiga ya gudu ba zai kwanta cikin maza ba, har sai da aka zagaya da shi bayan shinge, aka haƙa masa da gaggawa a tsirin nan na gefen gonar da ya bari.