Sharar Kaka Ba Ta Je Jidda Ba

A unguwarmu a Suleja, da hadari ya haɗo sai mata su fito da shara su juye a lambatu, ruwa ya tafi da ita. Ina aji shida muka kafa ƙungiyar tsafta, mu 'yan makaranta, muka raba lambatun unguwa, kowa da wanda zai tsare. Ni aka ba ni na ƙofar gidanmu.

Ran nan da la'asar, ana ta walƙiya, sai ga Kaka da tsohon daronta cike da ledoji. Ƙawayena na kallo. Na sha gabanta.

"Kauce, ja'ira," in ji ta.

Na ce, "Kaka, malaminmu ya ce ruwan nan rafin Iku yake shiga, ya bi kogin Gurara, ya faɗa kogin Kwara, har teku."

Ta tsaya. "Teku? Irin wanda na gani a Jidda?"

Na ce duk a haɗe suke.

Ta dubi daron, ta riƙe haɓa. "Wato ledar daddawata can take zuwa, alhazan duniya suna kallo?"

Sai ta fashe da dariya, ta miƙo mini daron. Ta ɗauko lema ta tsaya tare da mu a bakin lambatu, duk maƙwabciyar da ta fito da shara sai Kaka ta ce mata, "Mayar, kada ki kunyata mu a Jidda."

Sai da na girma na ga teku, a Legas. Wata baƙar leda tana yawo a bakin ruwa. Na tsamo ta ina murmushi. Na dai san ba ta Kaka ba ce.